Rabon Naƙasasshe A Ƙaramar Hukuma: Sadaka Ne Ko Hakki?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci bayinSa, Ya bambanta su a ƙira da ƙarfi da lafiya, bisa hikimar da Shi kaɗai Ya san iyakarta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata tambaya da ya kamata jama'ar wannan yanki namu na Gidan Amumune da Mayahi da Tasawa su zauna su yi nazarinta da idon basira. Abin da makaho da gurgu da kurma da kuturu suke samu daga hannun jama'a, musamman daga hannun ƙaramar hukuma, shin kyauta ce ake yi musu, ko kuwa bashi ne ake biyan su? Wani zai ce ai duk ɗaya ne, muddin dai hatsi ya shiga gidan mabuƙaci. To, ba ɗaya ba ne. Mai kyauta shi ke zaɓen rana, shi ke zaɓen mudu, in ya ga dama ya fasa babu mai tuhumarsa, kuma godiya yake jira. Wanda ake bi bashi kuwa ba shi da wannan zaɓi. In ya yi jinkiri alhali yana da hali ya shiga zalunci, mai bashi kuma yana da bakin da zai tambaye shi a gaban jama'a ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba. Amsar da muka ba wannan tambaya ita za ta nuna ko naƙasasshe zai shiga ofishin magajin gari a durƙushe yana addu'a, ko zai shiga da sallama ya zauna a kan kujera kamar kowane ɗan ƙasa.

Mu fara da al'adarmu, kuma mu yi mata adalci. Bahaushe bai taɓa jefar da musaki ba. Tun zamanin sarakuna akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Kutare, akwai Sarkin Guragu, kowane da jama'arsa da bakinsa a fada. Ranar Juma'a ba a rasa mai miƙa hannu a ƙofar masallaci, lokacin kaka ba a rasa mai aika dami. Wannan alheri ne, Allah Ya saka. Amma a cikin wannan alheri akwai wani abu da muka saba da shi har ba mu ganinsa: mun yanke wa naƙasasshe sana'a guda ɗaya tak, wato bara. Yaro ya rasa idanu yana ɗan shekara biyar, kafin a tambayi abin da ƙwaƙwalwarsa za ta iya ɗauka an riga an tanadar masa sanda da ƙoƙo, an kuma cire ƙanensa daga makaranta domin ya zama ɗan jagora. Cuta ɗaya ta ci rayuwar yara biyu.

Kuma idan za mu faɗa wa kanmu gaskiya, sau da yawa mu ne muke buƙatar mabaracin. Wanda ya yi mummunan mafarki, da wanda zai yi tafiya, da wanda ke da shari'a gobe, duk sukan fita neman makahon da za su ba sadaka domin maganin masifa. Da za a wayi gari a tarar kowane makaho yana saƙar igiya a rumfarsa ta kasuwa, wasunmu sai sun ji kamar an toshe musu wata ƙofar lada. Sadaka ibada ce mai girma, babu mai musun wannan. Sai dai ibadar da ba za ta yiwu ba sai ɗan'uwanka ya dawwama a ƙasa, ya dace mai yin ta ya sake duba niyyarsa.

Me shari'a ta ce? A cikin Suratuz Zariyati da Suratul Ma'ariji, da Alƙur'ani ya ambaci rabon mai roƙo da wanda ya rasa a cikin dukiyar masu hali, kalmar da ya yi amfani da ita ita ce hakki. A Suratun Nur da Suratul Fat'hi an ɗauke wa makaho da gurgu da majinyaci ƙunci a wasu al'amura da suka fi ƙarfinsu. Malamai sun fahimci cewa abin da aka ɗauke musu nauyi ne. Ba a rage musu komai ba a gado, ko aure, ko ciniki, ko neman ilmi, ko sahun salla. Kowa ya san dalilin saukar farkon Suratu Abasa, da yadda Allah Ya ɗaukaka sha'anin Abdullahi ɗan Ummu Maktum (R.A.) a kan manyan Ƙuraishawa. Abin da ba a cika faɗa a wa'azi ba shi ne abin da ya biyo baya. Wannan makaho ya zama ladanin Manzon Allah (S.A.W.) tare da Bilalu (R.A.), kuma sau da dama idan Annabi zai fita yaƙi shi yake bari a Madina yana yi wa mutane limanci. Aiki aka ba shi, aikin da jama'a ke dogara da shi. Amru ɗan Jamuhu (R.A.) gurgu ne, 'ya'yansa suka so su hana shi fita Uhudu saboda uzurinsa, ya ƙi, aka bar shi da zaɓinsa, ya yi shahada a can. Aɗa'u ɗan Abu Rabaha, wanda fatawar Makka ta koma hannunsa a zamanin tabi'ai, yana ɗingishi, hannunsa a shanye, daga baya kuma ya makance. Da a wasu ƙauyukanmu aka haife shi, wa ya san ko da a bakin tasha zai ƙare?

Game da masu mulki kuwa, tarihi ya fi fitowa fili. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.) ya tarar da wani tsohon Bayahude makaho yana bara domin ya biya jiziya, sai ya ɗauke masa ita, ya sa aka yanka masa rabo daga baitulmali, yana ganin rashin adalci ne a ci ƙuruciyar mutum a yar da shi da ya tsufa. Halifa Walidu ɗan Abdul Malik, wanda ya yi mulki daga shekara ta 86 zuwa 96 bayan Hijira, ya yanka wa kutare albashi ya hana su roƙon mutane, ya ba makafi 'yan jagora, ya ba guragu masu yi musu hidima. Umar ɗan Abdul Aziz ya bi irin wannan hanya. A lura da tsarin da Walidu ya bi: ya tanadi abinci, sa'an nan ya hana bara. A nan ƙasar Hausa, nasihar da Shaihu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ta nanata cewa kada sarki ya ɓuya wa talakawansa, ya zauna inda mai rauni zai iya isa gare shi da kukansa. Waɗannan shugabanni ba daga aljihunsu suka ciro ba balle a ce karimci ne. Dukiyar jama'a ce suka mayar wa masu ita.

Idan muka dawo kan ƙasarmu Nijar, dokoki ba su yi ƙaranci ba. Tun ranar 2 ga Maris 1993 aka kafa doka mai lamba 93-012 kan kare naƙasassu, aka yi mata gyara a 2010. Ita ce ta wajabta wa duk ma'aikatar gwamnati ko kamfani mai ma'aikata 20 zuwa sama ya keɓe kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga naƙasassu. A watan Yunin 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan hakkin naƙasassu. A watan Disamban 2019 aka ƙara wata doka mai lamba 2019-62 kan shigar da su cikin harkokin rayuwa. Ranar 31 ga Yuli rana ce ta ƙasa da aka keɓe musu, 3 ga Disamba kuma ta duniya. Suna da haɗaɗɗiyar ƙungiya ta ƙasa, wadda ake kira FNPH. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna suna da kashi 4.2 cikin 100 na 'yan ƙasa, wato mutum sama da 700,000, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa a duniya baki ɗaya mutum ɗaya cikin shida yana fama da wata naƙasa mai tsanani.

To, amma ina kamfani mai ma'aikata 20 a ƙauyukan Gidan Amumune? Kashi 5 cikin 100 na iya amfanar mai takardar digiri a Yamai ko Maradi; gurgun da ke wani ƙauye a arewacin Gulbin Kaba bai taɓa jin labarinsa ba, kuma ko ya ji babu ƙofar da zai ƙwanƙwasa da shi. Makarantar makafi ta Soli Abdurrahman tana Yamai, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Hukumar da ta san sunan ƙauyensa, wadda maigarinsa ke kai wa haraji, wadda ke yankar tikiti a kasuwar da yake ci, ita ce ƙaramar hukuma. Tun zaɓen Yulin 2004 aka soma tafiyar da ƙananan hukumomi da majalisunsu, a 2016 kuma gwamnati ta yi dokar miƙa musu wani ɓangare na al'amuran ilmi da lafiya da ruwan sha da muhalli. A watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun da aka zaɓa a 2020, aka naɗa kantomomin riƙo. Ko zaɓaɓɓe ne a kan kujerar ko naɗaɗɗe, amanar ba ta sauya ba, domin kuɗin da ke cikin asusun daga gumin jama'a yake, kuma iyalan naƙasassu suna cikin masu zubawa. Ƙaramar hukumar Gidan Amumune tana da mutum sama da 80,000 a ƙidayar 2012. Ko da ma'aunin huɗu cikin ɗari kawai muka ɗauka, ana maganar rayuka fiye da 3,000, wato jama'ar da ta fi ta manyan ƙauyuka da yawa. Da a wuri guda suke zaune da tuni an haƙa musu rijiya an gina musu aji. Da yake a warwatse suke, ɗaya a bayan wannan danga, ɗaya a cikin wancan ɗaki, sai ya zama kamar babu su.

Akwai hujjar da za a kawo, kuma hujja ce mai nauyi, bai kamata a yi mata dariya ba. Za a ce ƙaramar hukumar karkara matalauciya ce. Haraji ba ya shiga duka, tallafin gwamnati yakan makara, masu lafiya ma ba su samu ruwa da magani ba. Shin adalci ne a ɗauki kuɗin da zai gyara famfon da mutum 500 ke sha a saya wa mutum biyar keken guragu? Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, haka ma hukuma.

Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, amma ta ginu ne a kan zaton cewa hakkin naƙasasshe wani kuɗi ne na daban da za a ware bayan an gama da na kowa. Alhali mafi yawansa yana cikin yadda ake kashe kuɗin da dama za a kashe. Idan za a gina aji ko ɗakin likita, yin gangare mai sauƙi a ƙofa maimakon matakala uku buhun siminti kaɗan ne, in an tuna tun ana aza harsashi. Idan za a kafa famfo, ana iya yin dakalinsa yadda mai rarrafe zai kai ga bakinsa ba tare da ya ratsa taɓo ba. Idan aka kawo hatsin gwamnati mai rahusa lokacin bazara da damina, kowa ya ga yadda layi yake: mai ƙarfi ke kaiwa gaba, kafin makauniya ta samu mai riƙe mata sanda buhu ya ƙare. Keɓe wa irinsu awa ɗaya da safe, ko yarda maigari ya shaida wakilinsu, ba ya cin ko dala. Idan aka zo da aikin gyaran ƙasa da ake biyan kuɗi, ana haƙa ramukan rabin wata, wanda ba ya iya ɗaga diga yana iya rubuta sunaye, ko tsaron kayan aiki, ko renon irin itace. Mutanen jihar Maradi ba su manta da yunwar 2005 ba, sun kuma san wanda ake fara mantawa idan abinci ya yi wuya. Rumfa a kasuwa, gurbi a kwamitin rijiya, kujera a taron tsara ayyukan shekara, duk waɗannan tunani suke buƙata fiye da kuɗi. Hatta keken da ake rabawa a yi hoto, da an tambayi masu hawansa da sun faɗa cewa a rairayin Mayahi ƙafafunsa nutsewa suke yi, ga mutumin ƙauye sau da yawa jaki da amalanke sun fi shi amfani, tun da zai hau ya kuma yi dako ya samu na cefane.

Akwai kuma takardar haihuwa. Wasu iyaye sukan ƙi kai sunan yaron da aka haifa da naƙasa, ko don kunya, ko don ganin ba zai yi karatu ba balle ya buƙace ta. Shelar haihuwa kyauta ce idan an yi ta cikin wa'adi. In wa'adi ya wuce sai an bi ta kotu. Yaron da ba shi da takarda ba zai zauna jarrabawa ba, ba zai samu katin ɗan ƙasa ba, kuma duk wani tallafi da doka ta tanada zai wuce ta kansa. Wannan aiki ne na ƙaramar hukuma tsantsa, da taimakon masu gari da limaman da ke raɗa suna.

Hujja ta biyu daga bakin masu addini take fitowa: ai ƙaddara ce, sai haƙuri. Na'am, mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma haƙuri aikin wanda aka jarraba ne. Wanda ke tsaye a gefe da lafiyarsa, tasa jarrabawar ita ce me zai yi. Ba daidai ba ne mai riƙe da mabuɗin rumbu ya yi wa mayunwaci wa'azin haƙuri. Sa'an nan da yawa daga cikin naƙasar da muke gani tana da sababi da ake iya tarewa. Shan inna ta gurgunta yara masu yawa a ƙasar Hausa kafin rigakafi ya ci ƙarfinta, har a watan Agustan 2020 aka tabbatar cewa ainihin ƙwayar cutar ta daji ta ƙare a Afirka. Sanƙarau, wanda ya yi mummunar ɓarna a Nijar a 1995, yakan bar wanda ya tsira da kurumta. Ƙyanda tare da ƙarancin abinci mai gina jiki tana makantar da yara. Amodari, ciwon idon da ke juyar da gashin ido ciki yana gogar ƙwayar har ta mutu, ana tare shi da wanke fuska da tsabtar gida da magani, in ya yi nisa kuma da ɗan ƙaramin aiki. Yanar ido da ke zaunar da tsofaffi a ɗaki aikin mintoci ne a hannun likitan ido. Kuturta tana warkewa da magani na wata 6 zuwa 12, ana ba da shi kyauta tun 1995, wanda ya soma sha kuma ba ya yaɗa ta. Asibitin Danja da ke kusa da Maradi ya shafe shekaru masu yawa a kan wannan aiki. Hukumar da ta ɗauki nauyin mota guda ta kai tsofaffi goma a cire musu yana ta 'yantar da jikoki goma daga riƙon sanda.

Hujja ta uku ta fi ɗaci, kuma daga cikin naƙasassun kansu ake samun dalilinta. Za a ce wasu an koya musu sana'a, an ba su jari, sun sayar sun koma bara, domin abin da ake samu a titunan Maradi ko Kano ko Legas ya fi na ɗinkin hula. Wannan yana faruwa. A watan Maris 2022 gwamnati ta kwaso ɗaruruwan 'yan Nijar daga birnin Dakar inda suke bara, abin da ya ba ƙasa kunya, ko da yake da yawansu lafiyarsu ƙalau. Dokar hukunta laifuka ta ƙasarmu ta haramta bara, amma ta ce ba za a hukunta tsoho da musaki ba. Wannan sassauci ne, sai dai yana kuma nuna cewa ita ma doka ta sallama bara ce makomarsu. Mai hakki shi ma akwai hakki a kansa: wanda Allah Ya bar wa hannu ko ido ko basirar da zai ci da kansa, roƙo ba ya halatta gare shi don kawai ya fi riba. Amma kafin mu ɗora masa laifi mu tambayi kanmu, da ya buɗe teburinsa mun saya? Mutumin da zai ba kuturun da ya warke dala ashirin sadaka, amma ba zai sayi goro daga hannunsa ba, shi ne ya mayar da shi titi.

Wannan ya kawo mu ga namu rabon, mu jama'ar masallaci, domin ba za mu nemi hukuma ta yi abin da muka kasa yi a ɗakin Allah ba. Masallatai nawa ne a yankin nan gurgu zai shiga ba tare da an ɗauke shi ba? Wurin alwala fa? Kurma yana zuwa Juma'a shekara da shekaru bai taɓa sanin abin da liman ya faɗa ba, alhali a kowane gari akwai wani ɗan'uwansa da ya iya maganar hannu da shi, wanda zai iya zama kusa da shi bayan salla ya bayyana masa. Makaho, wanda kowa ya shaida ƙarfin haddarsa, shi ya fi cancanta a zaunar a gaban malami. Mace naƙasasshiya kuwa nata ya ninka: ba a kai ta makaranta, ba a neman shawararta a aurenta, wani lokaci ma a danne mata gadonta da sunan ana riƙe mata.

Ga kuma zakkar hatsi. Manomin da gonarsa ta ruwan sama ta kai nisabi yana fitar da ɗaya cikin goma, kuma a ƙasar gero da wake irin tamu wannan ba ƙaramar dukiya ba ce idan ta taru. Yadda muke raba ta tiya-tiya ga mutum hamsin, kowa ya ci kwana biyu ya dawo, ba shi kaɗai ne abin da shari'a ta yarda da shi ba. A mazhabar Malikiyya ya halatta a ba mabuƙaci guda abin da zai ishe shi shekara. Idan masu fitar da zakka a gari ɗaya suka haɗa baki suka cika wa gidaje uku rumbu bana, masu gidan suka samu sararin sayar da wani abu su sayi jar akuya biyu ko keken ɗinki, baɗi sai a koma kan wasu uku.

Abin da ƙungiya take roƙon kowane liman da kwamitin masallacinsa a ƙauyukan Gidan Amumune, da na maƙwabta a Mayahi da Tasawa, shi ne kafin kaka mai zuwa su zauna da maigari da naƙasassun garin su kansu, a rubuta sunan kowa, da irin lalurarsa, da abin da ya iya, da ko yana da takardar haihuwa, da ko yaro ne da ya isa shiga makaranta. A yi kwafi biyu, ɗaya ya zauna a masallaci domin rabon zakka, ɗaya a kai ofishin ƙaramar hukuma kafin a zauna tsara kasafin kuɗin shekara. Kuma ranar da za a kai takardar, a bar ɗaya daga cikin masu sunan ya miƙa ta da hannunsa, ya yi bayani da bakinsa, sauran jama'a su tsaya a bayansa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.